Kwana Shida A Bayan Shanu

Jawabin da wani ɗan ajin 2003 ya gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

  



Da sakatare ya kira ni ya ce an sa sunana cikin masu magana a bana, sai na tambaye shi a kan me zan yi maganar. Ya ce a kan duk abin da na ga dama, in dai ba zan wuce lokacina ba, kuma ba zan karanto wa mutane dokokin aikin gwamnati ba. To, ni dai ma'aikaci ne, abin da na sani bai wuce fayil da teburi ba. Saboda haka na ga gara in ba ku labarin wani hutu da na taɓa yi, wanda 'yan ajinmu suka daɗe suna yi mini dariya a kansa, alhali kuwa rabin labarin kawai suka sani. Yau zan cika sauran rabin.

A cikin watan Nuwamba na 2011, bayan Babbar Salla da kamar mako biyu, aka ba ni hutun shekara na farko tun da na kama aiki. Kafin nan na taɓa ganin wani shiri a talabijin da ya tsaya mini a rai. An nuna yadda a Amurka, a jihohi irin su Montana da Wayomin, mutanen birni kan biya kuɗi, abin da ya kai dala dubu biyu ko ya fi, don a ba su doki su bi makiyaya na mako guda a lokacin da ake kai shanu makiyayar tudu ko ake komo da su. Likita da lauya da ma'aikacin banki, kowa ya sa malfar kaboyi, ya sha ƙura, ya kwana a tanti, kuma ya koma gida yana godiya. Na ce a raina, ikon Allah, abin da Bature ke biyan dala a kansa, ai ga shi nan a bayan gidanmu kyauta.

'Yan ajinmu za su tuna da wanda muke kira Ardo. Ba zan faɗi sunansa na yanka ba, saboda dalilin da za ku fahimta nan gaba. Shi ne mai dawowa daga hutu da kwalbar man shanu, mu yi ta tsokanarsa da rana, da dare kuma mu bi shi da kwanon shinkafa da wake. Rugarsu tana dajin Kucheri, kuma a nan suke yin damina tun zamanin kakansa. Na neme shi na gaya masa abin da nake so. Ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya ce sai ya tambayi Baffa, wato mahaifinsa. Bayan kwana uku ya aiko cewa Baffa ya ce baƙon ɗansa ɗansa ne, in zo, za su tashi ranar Asabar, sun nufi ƙasar Mariga ta Jihar Neja inda za su ci rani.

Saura doki. Kawuna a Tsafe yana da wani jan doki mai farin goshi wanda yake hawan Salla da shi. Na roƙe shi aro, ya ba ni da sirdi da linzami da ragama da dabaibayi, ya ƙara mini da rabin buhun dawa. Ya tambaye ni ko na iya hawa, na ce na iya. Gaskiyar magana, hawan da na taɓa yi bai wuce daga ƙofar gida zuwa rafi ba, ana riƙe mini da ragama. Shi kuwa dokin ya saba da tambura da algaita da ƙarar bindiga, amma bai taɓa shiga tsakiyar ƙahoni ba. Ni ban yi wannan tunani ba, kawuna kuma ya ɗauka na yi.

Na isa rugar ranar Juma'a da la'asar. Abu na farko da na lura da shi shi ne babu doki ko ɗaya a wurin. Fulanin nan da ƙafa suke tafiya, da sanda a kafaɗa. Yara suka kewaye ni suna kallo, mata suna leƙe daga bukkoki. Baffa ya taso ya tarbe ni, ya dubi dokin tun daga kunne har kofato, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗana. Wanga aboki naka, mi yaka ci?" Na ce dawa da harawa. Ya ce madalla, bai ƙara komai ba. Ya kira ƙanen Ardo, yaro ɗan shekara 12, ya ce daga yau dokin baƙo shi ne aikinsa. Sai daga baya na gane abin da wannan ke nufi: an cire hannu ɗaya daga cikin masu tare maruƙa, an ba ni.

Washegari tun kafin assalatu aka tashi. Ban taɓa ganin gida ya naɗe kansa da sauri irin haka ba. Aka yi tatsa, aka kwance maruƙa daga dangwali, mata suka kwashe bukkoki, aka ɗaure tabarmi da tukwane da turmi a kan jakuna da takarkari biyu. Ƙoren Inna, wato mahaifiyar Ardo, su ne aka fi lallaɓawa, an jera su ƙanana cikin manya an ɗaure da raga, kuma ba ta yarda kowa ya ɗora su ba sai ita. Wani maraƙi da aka haifa kwana biyu kafin nan aka saɓa shi a wuya. Kaji aka ɗaure musu ƙafa aka rataya. Kafin rana ta ɗaga, ba abin da ya rage a wurin sai toka da taki. Shanun sun ɗan haura ɗari, na gida uku ne aka haɗa, yawancinsu farare irin na Bunaji, da 'yan jajaye masu dogon ƙaho irin na Rahaji, ga tumaki kamar arba'in.

A nan na fara ganin bambancin abin da na kalla a talabijin da abin da ke gabana. Kaboyi daga baya da gefe yake korar shanu, da ihu da igiya. Nan kuwa wan Ardo ne ya shige gaba, ya yi wani irin kira, wata tsohuwar saniya ta ɗaga kai ta bi shi, sauran duk suka bi ta. Kowace saniya tana da sunanta, an san uwarta da kakarta, kuma in aka kira ta daga cikin ɗari ita kaɗai za ta waiwayo. Na tambayi Ardo inda ya dace in tsaya da dokina. Ya ce can baya, bayan jakuna, kuma don Allah kada in matso. Haka na yi tafiyar yini guda ina shaƙar ƙurar da shanu ɗari suka tayar. Mun yi abin da a ƙiyasina bai wuce kilomita 12 ba, domin shanu ba a gaggauta su, suna tafe suna kiwo. Da muka sauka, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Wata yarinya da ta yi wannan tafiya a ƙasa da ƙwarya a ka ita ce ta kawo mini ruwan alwala.

Malaminmu na labarin ƙasa yana nan zaune, Allah ya ƙara masa lafiya. Malam, ka koya mana ƙaurar makiyaya a aji huɗu, cewa suna gangarawa kudu da rani don neman ruwa da ciyawa, su komo arewa da damina don gudun ƙudan tsando. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci. Amma ban san cewa kafin garke ya motsa akwai wanda ake turawa gaba ba, suna kiransa garso, ya je ya dubo inda ruwa yake, da inda aka gama girbi, da garin da ake rikici, da inda cuta ta ɓulla. Ban san cewa mace ce ke ciyar da tafiyar ba. Duk ƙauyen da muka kusanta, Inna da sauran mata sukan ratse da nono da man shanu, su komo da gero da gishiri da kuka. Kwana shida na yi da su, ban ga an yanka ko kaza ba. Fura da nono da rana, tuwon dawa da dare. Mai shanu ɗari, sai ka ga rigarsa biyu.

Daren kwana na biyu shi ne ya fi mini daɗi. Mun sauka a gonar wani dattijo da ya riga ya kwashe geronsa. Shi da kansa ya fito ya tare mu a hanya ya roƙi Baffa ya kwana biyu a gonarsa, ya kawo dami guda na gero da tulun ruwa. Ashe sun saba, shekara da shekaru. Shanu su ci kara, su bar masa taki, ba wanda ya biya wani ko kwabo. Suka zauna a bakin wuta suna tsokanar juna, shi yana ce wa Baffa ɗan daji, Baffa yana ce masa bawan fartanya. Sanyin hunturu ya sauko, aka hura wa shanu tasu wutar, suka kewaye ta suna tuƙa. A wannan dare ne Baffa ya ba ni labarin bushiyar 1983, yadda ya kwana da shanu sittin, bayan wata guda ya ƙirga sha ɗaya. Na gaya masa cewa a cikin wannan shekara da muke, 2011, aka ba da sanarwar an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya. Ya yi shiru, sannan ya ce Alhamdu lillahi, to saura ciwon huhu da ciwon gona. Na ce wane ne ciwon gona? Ya ce in jira, zan gani.

Na kuwa gani a rana ta huɗu. Tun da hantsi burtalin ya fara tsukewa. Baffa ya ce lokacin yana yaro garke biyu kan yi kiciɓis a nan su wuce ba su gogi juna ba. Ranar nan na sauka na auna da ƙafata, taku 11 na samu. A dama dawa ce ta nuna ba a yanke ba, a hagu wake ne ya yi 'ya'ya ya kwanta, ba shinge ba komai. Aka jera kowa, maza da mata da yara, a gefe biyu da sanduna, aka dinga zura shanun kaɗan-kaɗan kamar ana zura zare a allura. Ba mai magana da ƙarfi. Ni kuma da na ga kowa yana aiki, kunya ta kama ni, na ce bari in taimaka. Na hau dokina na matso don in tare ta wajen waken.

Wani bijimi ya juyo ya yi huci. Dokin ya zabura, ya miƙe da ƙafafun gaba, na saki linzami na rungume wuyansa, ya faɗa tsakiyar garken da ni. Abin da 'yan ajinmu suka sani ke nan, cewa doki ya kayar da ni cikin kashin shanu, kuma gaskiya ne. Abin da ba su sani ba shi ne kafin in tashi, shanu fiye da ashirin sun watsu cikin gonar waken. Kafin a fitar da su sun tattake abin da ya kai sulusinta.

Mai gonar ya zo a guje, bayansa samari kamar goma, wasu da gatura. Ina so ku fahimce ni a nan, domin ba na son a ce na zo ina kare wani ɓangare. Mutumin nan ba azzalumi ba ne. Talaka ne, rigarsa ta fi ta Baffa yagewa, kuma da na dubi fuskarsa kuka ya fi kusa da shi a kan faɗa. Waken nan da shi ya yi niyyar aurar da 'yarsa. Da aka ce masa ai gonarsa ta ci burtali, sai ya ce shi saye ya yi, da shaidu, da takarda, kuma wanda ya sayar masa ba ƙaramin mutum ba ne. Gonar gadonsu an raba ta tsakanin 'yan'uwa tara. Ina zai je?

Ni kuwa sai aikin gwamnati ya motsa mini. Na laluba aljihu na ciro katin shaidata, zan fara bayanin doka. Baffa ya dafa hannuna ya mayar da shi aljihu. Ya ce a hankali, "Ɗana, kai jibi kana gida. Mu baɗi nan za mu biyo." Ya cire malfarsa, ya durƙusa ya ba mai gona haƙuri, ya ce a je wurin maigari. Aka yi zama har bayan la'asar. Maigari ya tura dattawa uku suka dubo ɓarna, aka yanke kuɗi. Wani daga cikin samarin yana ta cewa a kai magana gaba, ni kuma a raina na ce ai gara haka, a can za a bi doka. Daga baya Ardo ya gaya mini abin da suka fi tsoro ke nan, domin in magana ta wuce gaban maigari, abin da za a kashe kafin a saki mutum ya ninka kuɗin wake sau uku, kuma mai gonar ba zai ga ko rabi ba. Da yamma aka kira wani mahauci, aka sayar masa da ɗan bijimi mai shekara biyu a kan farashin da kowa ya san na matsuwa ne, aka biya.

Da dare na sami Baffa na ce laifina ne, zan biya in an yi albashi. Ya ce ba a karɓar kuɗin baƙo. Na nace, ya ce in na sake faɗa zai ɗauka na raina shi. Ba wanda ya canza mini fuska a rugar, ko yaron da ke kula da dokin. Suna da wata kalma, munyal, wato haƙuri da daurewa, kuma a daren nan da a ce zagina aka yi da na fi samun barci. Sauran kwana biyun a ƙasa na yi su, ina jan dokin. A rana ta shida muka kai wani gari mai kasuwa, na yi sallama da su, Baffa ya haɗa ni da wani mai jaki da zai komo wajen Tsafe. Inna ta ba ni kwalbar man shanu, irin dai wadda muke wawaso a makaranta. Baturen Montana dala dubu biyu ya biya. Ni ba a karɓi ko sisina ba, kuma na ci wa masu masaukina bijimi.

Da na komo, na shiga karance-karance a kan al'amarin, kuma akwai abu biyu da zan so ku ji. Na farko, korar shanu ta kaboyi da muke gani a fim ba ta daɗe ba. Daga 1867 aka fara kwasar shanu daga Teksas zuwa tashar jirgin ƙasa ta Abilin a Kansas, kuma cikin shekara ashirin abin ya mutu, domin manoma sun cika hanyar, an ƙirƙiro waya mai ƙaya an shinge filaye, jirgin ƙasa kuma ya iso har inda shanun suke. Abin da baƙi ke biya su gani yanzu ɗan guntu ne da ya rage a manyan gandaye da filayen gwamnati. Na biyu, akwai ƙasar da ta ƙi yarda burtalinta ya mutu. A Sifen an yi doka a 1995 wadda ta tabbatar da cewa hanyoyin dabbobi, kimanin kilomita 125,000, dukiyar jama'a ce, ba a sayarwa, ba a mallaka, kuma mafi girmansu faɗinsa mita 75. Tun 1994 ake bikin ratsa tumaki ta tsakiyar birnin Madrid don tuna wa mutane cewa titin nan hanyar dabbobi ce tun asali. Ko a nan maƙwabta, Jamhuriyar Nijar tana taron makiyaya a Ingal a ƙarshen damina, baƙi na zuwa kallo daga nesa.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Tun 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe makiyaya. A 1989 aka kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya ta ƙasa. A 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙa'idar zirga-zirgar dabbobi tsakaninsu. Duk suna nan a takarda. Baffa ya taɓa ce mini a zamanin jangali sun sha ɓoye shanu daga masu ƙirga, amma a lokacin ba wanda ya isa ya kafa fartanya a burtali, domin hakimi ya san kuɗinsa na tafiya a kansa. Ban ce a komo da jangali ba. Abin da ya faɗa nake gaya muku.

Sauran labarin kun san shi, wasunku ma sun fi ni sani, domin akwai waɗanda suka binne 'yan'uwa a cikinmu. A watan Yuni na 2013 aka kashe mutum 48 a Kizara, cikin ƙaramar hukumarmu ta Tsafe. A watan Afrilu na 2014 aka yi kisan 'Yargaladima, mutum fiye da 100. A watan Satumba na 2021 sai da gwamnati ta rufe layukan waya da kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi. Titin Funtuwa zuwa Gusau, wanda muke bi da dare muna ɗalibai ba fargaba, ya zama wurin da in mota ta kusanci Wanzamai da Kucheri da Magazu kowa sai ya yi shiru yana addu'a. Ba na cewa tsukewar burtali ce kaɗai ta haifi wannan bala'i. Akwai bindigogi da suka shigo, akwai zalunci wurin shari'a, akwai son kuɗin banza, kuma wanda ya ɗauki makami ya kashe mai noma a gonarsa ko ya sace mace a ɗakinta ba shi da wata hujja a wurina, ko ta burtali ko ta me. Amma na tsaya a wurin da taku 11 ya rage, na ga mutum biyu talakawa an haɗa su goshi da goshi, wanda ya sayar da filin kuma ba ya nan.

Garken da na bi, ɓarayi suka kore fiye da rabinsa a dare ɗaya a 2014. Bayan haka sai ga 'yan sa-kai, waɗanda a wurinsu duk mai sanda da malfa ɓarawo ne, har ta kai Inna ba ta iya kai nono kasuwa. Baffa ya kwashi abin da ya rage ya bar dajin Kucheri, inda aka binne mahaifinsa, bai sake yin damina a can ba. Ardo da muka zauna aji ɗaya da shi, mutanen gari suna zarginsa da kai rahoto daji, mutanen daji suna zarginsa da kai rahoto gari. Shi ya sa ban faɗi sunansa ba, shi ya sa kuma ba ya cikinmu yau. Ya ce in gaishe ku, musamman malamin lissafi, wai har yanzu yana bin sa bulala biyu da aka yi masa bisa kuskure.

Akwai abu ɗaya da ya rage, kuma shi ne ya fi mini nauyin faɗa. A 2016 wani fayil ya zo teburina, na neman a ba wani babban mutum fili don noma. A jikin taswirar akwai wani layi mai ɗigo-ɗigo da ya ratsa ta tsakiya, an rubuta hanyar shanu. Na gan shi. Ni da na faɗi daga doki a irin wannan wuri, na fi kowa a ofishin sanin abin da layin yake nufi. Amma an ce fayil ɗin na gaggawa ne, daga sama yake, ni kuma ina jiran ƙarin girma. Na rubuta cewa ba wata matsala, na sa hannu, na miƙa gaba. Ba wanda ya tsare ni da bindiga. Bai ɗauke ni minti biyar ba. Na dubi wannan zaure na ga daraktoci, da alƙalai, da kansiloli, da masu sarauta, da jami'an tsaro, duk 'yan makarantar nan, kuma na san irin wannan takarda takan biyo ta gaban da yawa daga cikinmu. Sau biyu bayan nan irinta ta sake zuwa mini. Na ce sai na je na ga wurin da idona, na kuma rubuta abin da na gani. Ɗaya an dakatar da shi. Ɗayan aka ɗauke daga teburina aka ba wani.

Game da bijimin kuwa, bara kafin Babbar Salla na sayi ɗan bijimi fari mai shekara biyu, na sa aka kai wa Baffa can inda yake zaune yanzu, ya tsufa, idonsa ɗaya ya tafi. Na gaya wa ɗan aiken kada ya ce biya ne, ya ce kyauta ce daga ɗa zuwa uba. Baffa ya shafa bayan dabbar, ya buɗe bakinta ya taɓa haƙora, ya ce an cuce ni a ciniki, amma ya karɓa. Ardo ya gaya mini yaran rugar sun raɗa masa suna Doki. Baffa kuma ya aiko da saƙo cewa in Allah ya kawo zaman lafiya suka komo Kucheri, in sake zuwa, amma in bar wa kawuna abinsa a gida.

Shugaba, na ga kana duban agogo.  Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.